Bazara da takalmin ƙarfe: kada zafi ya zaunar da yaranmu

Tun 2020 aka ce Afirka ta rabu da shan-inna ta asali, amma waɗanda ta taɓa suna nan cikinmu, da takalman ƙarfe. A watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40 a Maraɗi da Tawa. Ƙarfe ya ɗau zafi, zufa ta taru ƙarƙashin maɗauri, fata ta saluɓe, sai gyambo. Nan ne yaro kan tuɓe takalmin ya koma rarrafe, zuwa lakwal ya tsaya.

Maganin bai fi ƙarfinmu ba: doguwar safar auduga, mu canza in ta jiƙe, mu aje takalmin a inuwa, mu duba fata kowane dare. In wuri ya kumbura, sai likita.

Ƴan uwa na kurmi, in za ku aiko saƙo, ku haɗo da safa.