Tsakanin Kaskon Awara da Kwalbar Magani: Tsirrai, Istirojin da Sankarar Mama

Duk wanda ya bi titin Kano zuwa Zariya a kakar tumatir, ya tsaya a Kwanar Gafan ko Ciromawa cikin ƙaramar hukumar Garun Malam, zai tarar da 'yan mata riƙe da bokitan awara, ga yaji an ƙulla a leda. Shinkafa da tumatir da alkama ne suka yi wa wannan yanki suna tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya fara kwarara zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Amma abin da ke riƙe cikin lebura a bakin kwami, da ɗalibar da ta taso daga makaranta, da mai jegon da nama ya fi ƙarfin aljihun mijinta, sau da yawa awara ce.

Wannan abinci na talaka ya shiga tsaka mai wuya. A saƙonnin murya da ke yawo a WhatsApp, wasu na gargaɗin mata su guji waken suya, wai yana ɗauke da sinadarin mata da ke haddasa sankarar mama. Wasu kuma, musamman masu tallar magungunan gargajiya da na ƙarin kuzari, na cewa sinadaran tsirrai irin waɗannan su ne rigakafi, su ne ma waraka. Kowane ɓangare ya tsinci wani yanki na binciken gaskiya ya gudu da shi. Abin da binciken ya nuna ya fi saƙonnin biyu amfani ga macen Garun Malam, sai dai yana bukatar a bi shi daki-daki.

Alaƙar sankarar mama da sinadaran jikin mace tsohon sani ne. A 1896 wani likitan fiɗa a birnin Gilasgo, George Beatson, ya ba da rahoton cewa ya cire wa wata mai fama da sankarar mama ma'ajiyar ƙwan haihuwa, sai ciwon ya ja da baya. Bai san dalili ba. Sai a 1958 Elwood Jensen na Jami'ar Chicago ya gano cewa a cikin ƙwayoyin halitta akwai wani makarɓi da sinadarin istirojin ke maƙalewa a jikinsa, kamar yadda mabuɗi ke shiga kwaɗo. Idan ya shiga, sai ƙwayar ta sami umarnin ta rabu ta hayayyafa. Sankarar da ke ɗauke da wannan kwaɗo, istirojin ne cimarta. A kan wannan fahimta maganin Tamoxifen ke aiki: yana shiga kwaɗon ya toshe shi, mabuɗin gaskiya ya rasa wurin shiga.

Labarin tsirrai kuwa daga tumaki ya faro. A shekarun 1940 makiyayan yammacin Ostareliya suka ga tumakinsu sun daina haihuwa, aka bi diddigi aka tarar wata ciyawa ce da suke kiwo a kanta, wadda ke ɗauke da sinadarai masu kama da istirojin. Daga baya aka gane cewa dangin waɗannan sinadarai sun cika waken suya, manya daga cikinsu su ne jenistin da daidizin, kuma akwai wasu 'yan uwansu na nesa a cikin riɗi. Siffarsu ta yi kama da ta istirojin har suna iya shiga kwaɗonsa, ko da yake ƙarfinsu bai kama ƙafar nasa ba.

Tsoron da ake yaɗawa yana da tushe. A 1998 masu bincike ƙarƙashin William Helferich suka dasa ƙwayoyin sankarar mama a jikin ɓeraye, suka ciyar da su jenistin, sai ƙarin ya girma. Wannan sakamako ya sa likitoci da dama a Amurka suka shafe shekaru suna hana marasa lafiyarsu taɓa waken suya. Amma ya kamata a dubi irin ɓerayen. An cire musu ma'ajiyar ƙwai, garkuwar jikinsu a karye take tun daga haihuwa, kuma jikin ɓera ba ya sarrafa wannan sinadari yadda na ɗan Adam ke yi, don haka abin da ke yawo a jininsa ya fi na mutum ƙarfi. Ƙwayoyin da aka dasa ma, waɗanda ake kira MCF-7, an ɗebo su ne a 1970 daga jikin wata Baturiya mai shekara 69 a birnin Detroit, kuma har yau su ake renonsu a ɗakunan bincike na duniya. Da yawa daga labaran da ke cewa ganye kaza "ya kashe kansa" a kan zuriyar ƙwayoyin wannan baiwar Allah aka yi gwajin, a cikin ɗan faranti, ba a jikin mai rai ba.

Wani abin da ya ƙara sauya lissafi shi ne gano kwaɗo na biyu. A 1996 ƙungiyar Jan-Åke Gustafsson a Cibiyar Karolinska ta Suwidin ta nuna cewa makarɓin istirojin iri biyu ne, alfa da beta. Alfa shi ne ke ingiza ƙwayoyin mama su hayayyafa, beta kuwa a gwaje-gwaje da yawa birki yake takawa. Jenistin ya fi son beta da kusan ninki ashirin. Ke nan kiran sa "istirojin na tsiro" ya ɓoye rabin labarin.

Hujja mafi nauyi daga mutane ta zo. A watan Disamba na 2009 mujallar JAMA ta wallafa binciken da Xiao-Ou Shu da abokan aikinta suka yi a kan mata 5,042 da suka yi fama da sankarar mama a birnin Shanghai. Waɗanda suka fi cin abincin waken suya, haɗarin mutuwarsu ya yi ƙasa da kashi 29 cikin ɗari, na dawowar ciwon kuma da kashi 32, idan aka kwatanta da waɗanda suka fi ƙarancin ci. An ga haka ga masu shan Tamoxifen da waɗanda ba sa sha. A 2012 aka haɗa bayanan mata 9,514 na Sin da Amurka, aka sake ganin raguwar dawowar ciwon. Irin wannan bincike na bibiya ba ya tabbatar da cewa waken ne ya kare su, domin mai cin waken suya na iya bambanta da wadda ba ta ci ta fuskoki da yawa. Abin da ya tabbatar ya fi sauƙi, kuma ya isa: ba a ga cutarwa ba. A kan haka Ƙungiyar Yaƙi da Kansa ta Amurka ta tsaya cewa abincin waken suya ba shi da haɗari ga wadda ta yi fama da sankarar mama.

Saboda haka wanda ya hana macen karkara cin awara da sunan kare ta daga sankara ya ƙwace mata furotin mafi araha, bai ba ta komai a madadinsa ba. Idan ma akwai abin dubawa a awarar Kano, to man da ake soya ta a ciki ne, domin bayan ɗaukewar al'ada kitsen jiki shi ne babbar masana'antar istirojin a jikin mace, kuma ƙiba a wannan shekaru tabbataccen abin da ke ƙara haɗarin ciwon ne.

Kwalba daban take da kasko. Dattijo a Japan na samun miligiram 25 zuwa 50 na waɗannan sinadarai a rana daga abinci, a haɗe da furotin da sauran abin da ke cikin waken. Ƙwayar ƙarin kuzari guda na iya ɗauke da fiye da haka a tace. A 2014 likitocin Cibiyar Memorial Sloan Kettering ta New York suka ba wasu daga cikin mata 140 masu jiran tiyata garin furotin na waken suya mai yawa na 'yan makonni, sai aka ga wasu ƙwayoyin gado masu ingiza hayayyafa sun ƙara motsi a cikin ƙarin waɗanda jenistin ya yi yawa a jininsu. Ba a nuna ƙarin ya girma ba, amma alamar ta isa a yi taka-tsantsan.

A ƙasar Hausa kwalbar ba ta tsaya ga ƙwayoyin kantin magani ba. Akwai kasuwa babba ta haɗin gyaran nono da kayan mata, inda hulba da garin waken suya ke cikin abubuwan da aka fi ambata. Hulba tsohuwar abokiyar mai jego ce, kuma a matsayin abin sha jefi-jefi ba wanda ke tuhumar ta. Amma gwajin ɗakin bincike ya nuna ruwan da aka tace daga cikinta na yin aiki irin na istirojin a kan ƙwayoyin sankara, kuma ba a bibiyi dubban mata a kanta ba kamar yadda aka yi wa waken suya. Mai haɗin ba ta san adadin sinadarin da ke cikin cokali guda ba, mai sha ma haka. Lambar NAFDAC da ke jikin irin waɗannan kwalabe, idan ma ta gaske ce, shaida ce ta cewa an duba ba su da guba a zahiri, ba shaida ce ta suna warkarwa ba; shi ya sa hukumar ke wajabta a rubuta a jikinsu cewa ba ta tantance iƙirarin maganin ba. Abin mamaki, haɗin da ake tallata wa budurwa da alkawarin zai cika mata ƙirji, wato zai motsa ƙwayoyin mama su girma, kusan shi ake tallata wa uwarta da alkawarin zai narkar da ƙari.

Ba raina tsirrai ake yi ba. Taxol, ɗaya daga manyan magungunan sankarar mama, daga ɓawon wata bishiya ta yammacin Amurka aka fara samun sa. Monroe Wall da Mansukh Wani suka bayyana siffarsa a 1971, amma sai 1992 aka amince a fara ba marasa lafiya. Shekaru ashirin da ɗaya na tacewa da aunawa da gwaji ne suka raba ɓawon itace da magani.

Akwai kuma tambayar da ta riga duk wannan muhawara: wace irin sankara ce? Wadda ba ta da kwaɗon istirojin, Tamoxifen ba ya yi mata aiki, kuma maganar sinadaran tsirrai ta wannan hanya ba ta shafe ta ba. A 2009 ƙungiyar Farfesa Olufunmilayo Olopade ta duba samfura daga Nijeriya da Senegal ta tarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke da kwaɗon. Wani binciken da Clement Adebamowo ya jagoranta a Ibadan ya sami kusan kashi 65 cikin ɗari. Masana sun danganta wani ɓangare na wannan tazara da yadda ake adana tsokar da aka yanka, domin idan ta jima ba a tsoma ta a ruwan adanawa ba, alamar kwaɗon na ɓacewa. Ma'anar wannan ga mace guda ɗaya ita ce ba a gane nau'in ciwonta da ido ko da lalube. Sai an ɗebi ɗan yanki an kai ɗakin gwaji, irin wanda ake samu a manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga Kura idan hanya ta yi kyau.

A nan ne haɗarin gaske yake. Ƙiyasin hukumar binciken kansa ta duniya na 2022 ya nuna mata sama da 32,000 sun kamu da sankarar mama a Nijeriya a shekarar, sama da 16,000 kuma sun rasu. Wani bincike da aka wallafa a 2020, wanda ya bibiyi mata a ƙasashen Afirka biyar, ya tarar kashi 36 cikin ɗari ne kawai na 'yan Nijeriyan da ke cikinsa suka kai shekara uku a raye bayan gano ciwon, kuma zuwa asibiti a makare na cikin manyan dalilai. A Amurka, masu bincike a Jami'ar Yale sun nuna a 2018 cewa matan da suka zaɓi maganin gargajiya kaɗai suka bar na asibiti, haɗarin mutuwarsu ya ninka fiye da sau biyar. Matar da ta ji ƙullutu a mamanta tana tsaka da aikin shinkafa, ta ce daji ne, ba ya son ƙarfe ba ya son allura, ta shafe wata shida tana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, ba sinadarin tsiron ne zai cutar da ita ba kamar watanni shidan. Kuma ba jahilci kaɗai ke kai ta ga mai magani ba: yana kusa, yana karɓar biya kaɗan-kaɗan, ba ya maganar yanke mama. Duk mai son ta zo asibiti da wuri sai ya amsa waɗannan ukun.

Akwai wani aiki da ke jiran masanan gida. Hujjar da ake dogaro da ita daga Shanghai da Amurka ta fito, alhali jikin mutane ya bambanta wajen sarrafa waken suya. Ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanji ne ke juya daidizin ya zama ikwol, sinadarin da ya fi shi ƙarfi, kuma kusan rabin mutanen gabashin Asiya ke da su, Turawa kuwa bai fi kashi ɗaya cikin uku ba. Haka nan bincike a Asiya ya nuna kariyar ta fi bayyana ga waɗanda suka fara cin waken tun suna yara. To, tun ƙarshen shekarun 1980 cibiyar IITA ta Ibadan ta duƙufa wajen koya wa mata sarrafa waken suya, kuma a zamanin da ya biyo baya awara ta mamaye Arewa. 'Yan matan da suka tashi da ita a Kura da Bunkure da Garun Malam yanzu suna shekaru talatin zuwa arba'in da wani abu, daidai shekarun da sankarar mama ke fara bayyana da yawa a matan Nijeriya, waɗanda take kamawa da wuri fiye da Turawa.

Yankin na da abin da irin wannan bincike ke bukata: jama'a mazauna wuri ɗaya da ruwan Tiga ya riƙe, tashar binciken noman rani ta Jami'ar Ahmadu Bello a Kadawa, ga Jami'ar Bayero da asibitin koyarwarta a kusa. Matakin farko ba ya bukatar biliyoyi. A auna miligiram nawa na jenistin ke cikin awarar naira ɗari biyu, wadda aka haɗa da ruwan tsami da wadda aka haɗa da tsamiya, a auna na cikin cokali guda na haɗin gyaran nono, sannan a gwada fitsarin mata 'yan ɗaruruwa a ga kashi nawa ne jikinsu ke samar da ikwol.