Raddi Ga Mai Cewa A Toshe Sabunta Manhaja

Wani mai kula da kwamfutocin ofishin hidimar alhazai a Makka yana ta yaɗa wata magana: wai tunda sabuntawar CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows miliyan 8.5 ranar 19 ga Yuli, 2024, hikima ita ce a toshe kowace sabuntawa, abin da ke aiki a ƙyale shi. Ragwanci ne kawai aka naɗa wa rawani.

Ginshiƙin maganarsa shi ne manhajar da ba a taɓa ba tana nan daram. Ina ya samo wannan? Ita ba ta canja ba, amma 'yan kutse ba barci suke yi ba. A Maris 2017 Microsoft ta fitar da facin wata ɓaraka. A watan Mayu manhajar kutse ta WannaCry ta bi ta wannan ɓarakar ta faɗa ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa sallamar marasa lafiya ba a duba su ba. Su wa abin ya ci? Masu ra'ayi irin na Malam, waɗanda faci ya yi wata biyu yana jiransu. Haka kamfanin Equifax a Amurka, duk a shekarar: facin manhajar Apache Struts ya fito, ba a ɗora ba, aka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147. To kwamfutar da ke riƙe da lambobin fasfo da bizar mahajjatan Kano da Maraɗi fa? Haba Malam! Ga shi kuma ya cakuɗa abu biyu. Facin tsaro daban, sabon fasali daban. Manhajojin Debian da Ubuntu LTS sun daɗe da raba su: fasali ya tsaya cik, faci ya ci gaba da zuwa, na Ubuntu har shekara 5.

CrowdStrike ɗin da yake kafa hujja da ita ma ba ta tsaya masa ba. Laifin shi ne tura wa kowa fayil ɗin sabuntawar lokaci guda. Maganinsa a fara gwadawa a kwamfuta biyu ko uku, a tanadi hanyar komawa baya.

Ya ce lokacin Hajji ba na gwaji ba ne. Nan gaskiyarsa: mahajjata sun haura miliyan 1.8 a 2024, ga katin mahajjata na Nusuk da ake tantancewa, babu mai hankalin da zai sauya tsari ranar Arfa. Amma kwanakin nan nawa ne? Muharram da Safar me yake yi da su?

Wai wa zai kula da ƙaramin ofishi? WannaCry ba ta tambayi girman ofishin kowa ba.

In kuma ya kawo batun tsada, facin Debian kyauta ne.