Murza Waya Ba Karatu Ba Ne

Duk majalisar da muka zauna bayan isha'i, daga Kunduru har cikin garin Kankiya, abin da ake gani ɗaya ne: kawuna a sunkuye, fuskoki sun sha hasken waya, babban yatsa na ta tura rubutu sama. In aka ce ba ma karatu sai mu harzuƙa, mu ce ai wuni muke a kansa. To, a tambaye mu da safe abin da muka karanta jiya. Da ƙyar mu kawo jimla biyu.

Ana cikin haka sai ga masu tallar magani a intanet: kwas na kwana uku, ko wata manhaja, wai mutum zai riƙa cinye kalma dubu a minti ɗaya. Mu daina yaudarar kanmu. A 2019 wani masani na Jami'ar Ghent da ke Beljiyam, Marc Brysbaert, ya tattara bincike 190, ya gano cewa baligi mai karanta Ingilishi a zuci, in ba ƙagaggen labari ba ne, kalma 238 yake yi a minti bisa matsakaici. Ido ba zamewa yake a kan layi ba, tsalle yake yana tsayawa, kuma a wurin tsayawar ake ɗaukar ma'ana. Mai kalma dubu tsallake yake yi, mu kuwa dama mun ƙware a tsallake.

Sai dai saurin karatu ba abin rainawa ba ne. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Tambaya 180 ake amsawa cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace. Uba zai sayar da hatsinsa ya biya kuɗin rajista da na mota, yaro ya zauna gaban kwamfuta, ya san amsar sarai, amma yana haɗa baƙin tambaya lokaci ya ƙare. Ya dawo gida mu ce ba shi da ƙoƙari, alhali mu ne ba mu saba masa da shafi ba.

Abin haushin, maganin na nan a zaurukanmu. Mu dubi makarantar allo. Yaro zai fara da babbaƙu, ya shiga farfaru, yana tuntuɓe a kan kowane harafi. Bayan shekaru ka ji shi yana tilawa kamar ruwa a gangare. Wa ya yi masa kwas na sauri? Abu uku aka ɗora shi a kai: lokaci tsayayye safe da dare, tishe ba fashi, sannan ba ya wanke allo sai ya biya wa malam. Sauri ɗan sabo ne. Kalmar da ido ya gani sau dubu ba ya daɗewa a kanta.

Za a ce babu ɗakin karatu a ƙauye, littafi ya yi tsada, wuta sai an ga dama. Gaskiya ne, kuma haƙƙi ne mu matsa wa hukuma a kai. Amma Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja a 1933, lokacin da fitilar kananzir ma gata ce. Iyayenmu kwafi ɗaya na Magana Jari Ce suka riƙa zagayawa da shi har bango ya fita. Wayar da muke kai wa mai caji don kallon bidiyo, littafi nawa za ta ɗauka? 'Yan'uwanmu mata da ke bin dogayen labarai a WhatsApp shafi bayan shafi sun riga sun nuna ana iyawa.

Mu marubuta ma da namu laifin. Muna zubar da ƙugiya, muna manne kalmomi, mai karatu ya rasa "kafa" muke nufi ko "ƙafa", "bari" ko "ɓari", sai ya koma baya. Duk komawa baya lokacinsa muka ci.

Don haka mu ɗauko tsarin zaure. Minti ashirin kullum, a lokaci ɗaya, data a kashe. Littafi ɗaya har ƙarshensa. Wurin da ya shige duhu a maimaita shi. In an rufe, a faɗa wa wani abin da aka karanta, ko ƙane, ko matar gida, ko abokin hira a teburin mai shayi. Wanda ya kasa biyawa ya koma ya sake, kamar yadda ake yi wa ƙolo. Yaran da za su zauna gaban kwamfuta baɗi, mu suke kallo yau da dare.