Amurka: Yadda ƙwayar maganin ciwo ke iya raba sabon direban tirela da aikinsa

Tuƙin manyan motoci na cikin sana'o'in da ƴan Afirka ta Yamma mazauna Amurka suka fi runguma a ƴan shekarun nan, har da ƴan Nijar da ke biranen New York da Greensboro. Horon ba ya wuce makonni, kuɗin kuma ya fi na aikin sito ko na kai saƙo. Sai dai kafin mutum ya hau sitiyari akwai gwajin fitsari na miyagun ƙwayoyi, wanda dokar tarayya ta wajabta wa kowane kamfani ya yi wa sabon direba. A nan ne al'adar da aka saba da ita a gida, ta karɓar maganin ciwo daga hannun ɗan'uwa ko aboki, ke iya zama asara babba.

Gwajin na ma'aikatar sufurin Amurka yana neman rukuni biyar: tabar wiwi, hodar ibilis, amfetamin, PCP, da dangin magungunan kashe raɗaɗi masu ƙarfi irin su kodin da mofin. Daga ranar 1 ga Janairun 2018 aka faɗaɗa rukunin ƙarshe, aka shigar da oxycodone da hydrocodone da oxymorphone da hydromorphone, waɗanda likitoci ke rubutawa bayan tiyata, cire haƙori ko ciwon baya. Ke nan magani na halal da aka sha da izinin likita ma zai iya fitowa a sakamakon.

Fitowar maganin kaɗai ba ta kayar da direba. Sakamakon yana fara zuwa hannun wani likita mai tantancewa, wanda zai kira direban ya ji ta bakinsa. Idan direban ya nuna ordonansi mai sunansa, likitan ya tabbatar da ita a farmasi ko wajen wanda ya rubuta ta, sai a sanar da kamfani cewa gwajin lafiya lau. Amma idan ƙwayar ta matarsa ce ko ta abokin zamansa, doka ba ta karɓar wannan uzuri, ko da ciwon gaskiya ne. Wanda aka bar wa saƙo ya ƙi kiran likitan cikin awa 72, ana iya rufe fayil ɗinsa a matsayin wanda ya faɗi.

Batun ya fi shafar ƴan ci-rani saboda maganin da ake ɗaukowa daga gida. A Maraɗi ko Damagaram ba abin mamaki ba ne a sayi magani a tebur ko a hannun mai talla ba tare da takarda ba, a cusa shi a jakar mai tafiya. Dokar Amurka ta bai wa likita mai tantancewa damar duba maganin da aka samo a wata ƙasa, da sharaɗin an same shi ta halastacciyar hanya kuma an sha shi don abin da aka yi shi. Kwalbar maganin tari mai kodin da babu ordonansi babu rasiɗi ba za ta cika wannan sharaɗi ba. Tramol, wanda ya zama ruwan dare a tashoshin motarmu, ba ya cikin rukunan gwajin tarayya, amma tun 2014 Amurka ta sa shi cikin magungunan da ake sa wa ido, riƙe shi ba takarda laifi ne, kuma wasu kamfanoni na ƙara nasu gwajin, har da na gashin kai.

Ita ma ordonansin ba ta gama magana. Ƙa'idar lafiyar direbobi ta ce sai likitan da ya san tarihin lafiyar mutum ya tabbatar cewa maganin ba zai hana shi tuƙi lafiya ba. Idan likita mai tantancewa ya ga akwai haɗari, yana bai wa direban kwana 5 na aiki domin likitansa ya tuntuɓe shi a duba yiwuwar canza magani, kafin ya sanar da kamfani damuwarsa.

Abin da ya sa lamarin ya yi tsanani yanzu shi ne rumbun bayanai na ƙasa da hukumar FMCSA ta buɗe ranar 6 ga Janairun 2020. A da, wanda ya faɗi a wani kamfani yakan koma wani ya sake gwada sa'a. Yanzu kowane kamfani dole ya duba rumbun kafin ya ɗauki direba, kuma sunan wanda ya faɗi yana zama a ciki shekara 5 aƙalla. Daga 18 ga Nuwamban 2024 jihohi ma an wajabta musu janye permin babbar mota daga wanda aka dakatar, har sai ya ga ƙwararren mai ba da shawara, ya bi shirin da aka tsara masa, ya sake gwaji, galibi da kuɗin aljihunsa. Ƙin yin gwajin ma daidai yake da faɗuwa. Ga sabon direban da ya ci bashin makaranta, kuma iyali a gida ke jiran aikensa, wannan ba ƙaramin koma-baya ba ne, domin kamfanoni da yawa ba sa ɗaukar marar gogewa mai irin wannan tabo.

Gwajin ba ya ƙarewa a ranar ɗaukar aiki. Kowace shekara kamfani yana yin gwajin ba-zata da yawansa ya kai rabin adadin direbobinsa. Saboda haka matakin da ya fi sauƙi shi ne wanda ake ɗauka tun kafin a shiga makarantar tuƙi: a nuna wa likita duk maganin da ake sha, a gaya masa aikin da ake nema, a adana kwalbar farmasi mai ɗauke da suna, a kuma bar maganin da aka aiko daga gida idan ba a san abin da ke cikinsa ba.