Hoto Talatin da Shida a Duwatsun Abzin

A wannan fitowa muna so mu waiwayi wata tafiya da muka yi da iyali a watan Disamba na 2005, domin darasin da ta koya mana har yau bai tsufa ba.

Mun tashi daga Damagaram da asuba, mu da uwargida da yara huɗu, muka bi ta Tanut har Agadas. Can muka ɗauki ja-gora Ba'abzine da mota mai iya ratsa yashi da dutse, muka nufi Timiya, tafiyar fiye da kilomita 200 arewa da birnin. Guzurinmu tanti biyu ne, da barguna, da jarkokin ruwa, sai tsohuwar kyamara da fim guda mai cin hoto 36. Dokar da muka kafa ita ce kowa yana da hoto shida, in ya ƙare nasa to sai kallo.

A nan ne abin mamaki ya faru. Yaran da ba su iya zama wuri guda sai ga su sun natsu, kowa yana tattalin rabonsa. Ja-gora ya nuna musu cewa hasken tsakar rana yana shafe kamannin dutse, sai da hantsi ko bayan la'asar inuwa ke fito da kowane lungu nasa. Babban ɗanmu ya zauna kusan awa guda yana jiran rana ta sauka kan wani baƙin tsauni kafin ya danna. Suka koyi ɓoye fim daga zafi, da kare kyamara daga ƙura, da neman izinin mutum kafin a ɗauke shi. A lambunan Timiya, inda lemu da rumman da dabino ke nuna a tsakiyar duwatsu, wata dattijuwa ta ƙi a ɗauke ta, muka yi mata godiya muka wuce.

Da dare sanyin hunturu ya sauko, muka kewaye wuta muna cin gurasar da aka gasa cikin yashi da garwashi. Ja-gora ya ba mu labarin tudun Bagazam, inda ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar take, mita 2,022. Yara suka yi sallar ƙasaru a karon farko, suka ga taurari kamar a miƙa hannu a tsinko.

Ranar dawowa sai autarmu, don ɗokin ganin hotunanta, ta buɗe bayan kyamara. Haske ya shiga, ya ƙone na ƙarshe-ƙarshen, har da na ruwan da ke gangarowa daga dutse kusa da Timiya. Da aka wanke fim, 29 suka fita. Ta yi kuka, amma yau ita ce ta fi kowa iya siffanta wannan ruwa, domin ta daɗe tana kallonsa kafin ta ɗauka.

Tawayen da ya ɓarke a arewa a 2007 ya rufe mana wannan hanya, kuma har yanzu bai kamata magidanci ya kai iyali can ba sai ya tuntuɓi hukuma da mutanen wurin. Amma darasin bai tsaya ga Abzin ba. Yau wayoyinmu cike suke da dubban hotuna da ba mai sake dubawa, alhali waɗancan 29 suna nan cikin kundi, jikoki na tambayar labarin kowanne.

Saboda haka muke kira ga iyaye: a hutu mai zuwa ku fita da yara, ko da zuwa dutsen bayan gari ne. Ku ƙayyade musu hoto shida, ko da waya ce a hannunsu, ku ce su duba da kyau kafin su danna. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma fa sai wanda ya tsaya ya duba.

Allah Ya sada mu da alheri a fitowa ta gaba.