Kunyar Da Ke Cin 'Ya'yanmu A Hausari

Yau akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, duk wanda zai ji haushi sai ya yi haƙuri.

Kwanakin baya wasu ɗalibai masu bincike sun shigo layinmu da takardu, suna tambayar matasa a kan balaga da cututtukan da ake ɗauka ta saduwa. Wani dattijo maƙwabcinmu ya kore su, wai sun zo lalata tarbiyya. Wallahi a wannan layin ina da abokin da ya yi wata huɗu yana fama da ciwon sanyi, yana sayen kafso a ɓoye wajen mai tallar magani, don ba zai iya buɗe baki ya gaya wa Baba ba. To wace tarbiyyar aka kare?

Na san inda tsoron ya samo asali. Gwajin maganin Trovan da Pfizer ya yi wa yara a Kano a 1996 bai bar kowa da natsuwa ba, shi ya sa ma aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Su ma masu binciken suna da nasu laifin: takarda da Turanci, a cike a tafi, ba mai dawowa ya ce ga abin da aka gano. Amma jama'a, tambaya ai ba allura ba ce.

Ku duba abin da bincike ya tono. A 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta ji ta bakin mata da 'yan mata 43 a sansanonin gudun hijira bakwai a nan Maiduguri, waɗanda aka yi wa fyaɗe ko aka yaudare su da abinci da alkawarin aure. Da ba a tambaye su ba, wa zai ji? Binciken lafiya na ƙasa na 2018 kuma ya nuna cikin 'yan mata ɗari masu shekara 15 zuwa 19, kimanin 19 sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari. Wasunsu su ne ke ƙarewa a asibitin Babbar Ruga a Katsina da yoyon fitsari.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a ce wai addini ne ya hana. Ni a makarantar allo da ta dare na fara jin janaba da haila, cikin Ahalari da Risala, malam yana fassarawa ɗalla-ɗalla ba ya ko sunkuyar da kai. A 2022 Minista Adamu Adamu ya ce a cire wannan darasi daga manhajar makarantu, a bar wa iyaye da malaman addini. Madalla. To iyayen sun karɓa? Namu tun asuba suna Kasuwar Monday, sai magariba. Wayar hannu ce ta karɓa.

Mu da ake kira Afuno a garin nan mun iya haɗa kai in gobara ta tashi, kamar ta kasuwa a 2023, ko ambaliyar Alau a 2024. Don haka ina roƙon shugabannin al'ummarmu da limaman Hausari: in masu bincike sun sake zuwa, a zaunar da su a zaure, a nemi takardar izininsu, a sa su fassara tambayoyin da Hausa, mace ta tambayi mata, kuma a ɗaure su da sharaɗin dawowa su karanta mana sakamakon a gaban kowa.