Ilimi Yana Samaru, Manomi Yana Ƙauye: Ina Malamin Gona Ya Shiga?

'Yan'uwa, a daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a Kudancin Kaduna, musamman yankunan Kachia, Jaba da Kagarko. Ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa, iyalai da yawa da suka ci bashi domin iri da taki suka tashi ba uwa ba riba. Kafin wannan, a 2016, ƙwaron tumatir ya yi ɓarnar da ta sa gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, a shekarar kuma tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta shigo ƙasar nan. Manoman dankalin Turawa a Bokkos da Mangu su ma sun san yadda cutar ƙonewar ganye ke cinye gona cikin 'yan kwanaki. A duk waɗannan lokuta, wanda manomi ya fi saurin samu ya yi wa tambaya shi ne mai sayar da magani a kasuwa, shi kuwa burinsa kaya su ƙare.

Abin da ya kamata mu tambaya shi ne: ƙasar da take da jami'o'i da cibiyoyin bincike na noma, yaya aka yi manominta ya zama maraya a ranar da cuta ta shiga gonarsa?

Abin da ke Samaru

An fara binciken aikin gona a Samaru, kusa da Zariya, tun 1922. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, wurin ya koma ƙarƙashinta, shi ne Cibiyar Binciken Aikin Gona da ake kira IAR. Duk irin da kuka ji sunansa ya fara da SAM, daga can ya fito: SAMMAZ na masara, SAMSORG na dawa, SAMPEA na wake, SAMNUT na gyaɗa, SAMCOT na auduga. Dattawa za su tuna cutar da ta murƙushe gyaɗa a 1975, wadda ta taimaka wajen ɓacewar dalar gyaɗa a Kano. Irin gyaɗar da ke jure wa wannan cuta yana cikin abubuwan da masanan Samaru da abokan aikinsu suka fitar daga baya. Akwai kuma irin masara mai nuna da wuri da mai jure wa wuta-wuta.

Kusa da ita akwai wata cibiya mai suna NAERLS, ita ma ta jami'ar ce. Aikinta shi ne ɗauko sakamakon bincike ta mayar da shi maganar da manomi zai gane: ƙananan littattafai, shirye-shiryen rediyo, horar da malaman gona, da zagayen jihohi kowace damina domin a ga yadda amfanin gona ya yi. Ban da Zariya, akwai jami'ar aikin gona a Makurdi, akwai kuma cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa a Jami'ar Bayero ta Kano. Ilimi dai yana nan.

Inda igiya ta tsinke

Tsarin da aka shimfiɗa shi ne jami'a ta yi bincike, ta horar, sa'an nan malaman gona na jihohi su kai saƙo ƙauye. A tsakiyar shekarun 1970 aka fara shirye-shiryen raya aikin gona da tallafin Bankin Duniya a Funtuwa, Gusau da Gombe, daga baya kowace jiha ta sami nata. A wancan zamani malamin gona yana da babur, yana da ranakun da yake zuwa kowane ƙauye, yana da gonar gwaji a bakin hanya inda kowa zai gani da idonsa. Da kuɗin Bankin Duniya suka ƙare a shekarun 1990, nauyin ya koma kan jihohi, jihohi da yawa kuwa ba su ɗauka ba. Tsofaffin ma'aikata suka yi ritaya ba a ɗauki sababbi ba. Yau malamin gona ɗaya yana da gidajen manoma dubbai a wuyansa, sau da yawa ba abin hawa.

Abubuwa biyu sun ƙara tsananta lamarin. Na farko rashin tsaro: ƙauyen da manomi ke tsoron zuwa gonarsa, ma'aikacin gwamnati ba zai je ba. Na biyu tsadar mai tun da aka cire tallafi a watan Mayu 2023. Gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan abinci a watan Yuli na wannan shekarar, amma abin da aka fi jin labarinsa shi ne rabon taki da hatsi. Rabon taki yana da farin jini domin ana ganinsa a hoto. Albashi da man babur na malamin gona ba wanda zai yi wa gwamna tafi a kansu, alhali buhun taki a hannun wanda bai san lokacin sa shi ba rabinsa asara ne.

Jami'o'in ma suna da nasu laifin. Malamin jami'a yana samun ƙarin girma ne ta wurin rubuce-rubucen da ya buga da Turanci, ba a cika lissafa masa kwanakin da ya yi a ƙauye ba. Amurka ta magance wannan tun da daɗewa: dokar 1862 ta kafa jami'o'in aikin gona a jihohi, dokar 1914 kuma ta ɗora musu aikin kai ilimi ga manoma, da ofisoshi har matakin ƙananan hukumomi, gwamnatoci kuma suna biya. Darasin da ke ciki shi ne, sai an mayar da koyar da manomi aikin dole mai kasafin kuɗi kafin ya dawwama.

Kuɗin da rashin sani ke ci

Mu ɗauki wake. Domin tsoron ƙwari, 'yan kasuwa da manoma da yawa suna zuba wa wake maganin da ake kira Sniper kafin su ɗinke buhu. Guba ce mai suna dichlorvos, ba a yi ta domin a cuɗa da abinci ba. Saboda ita ce Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015. Waken da Turawa suka ƙi, shi muke dafa wa yaranmu. Wasu kuma suna sa ƙwayar nan mai fitar da iska mai guba a cikin buhuna, su ajiye su a ɗakin da ake kwana, wannan kuwa yana iya kashe mutum cikin barci.

Abin takaici shi ne maganin matsalar ya daɗe da samuwa, kuma daga aikin jami'a ya fito. Masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da masu bincike a arewacin Kamaru, sun gano cewa idan aka rufe wake inda iska ba ta shiga, ƙwarin suna mutuwa da kansu. Daga nan aka yi buhun PICS mai rufi uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhu a waje, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007. Sharaɗinsa kawai hatsi ya bushe sarai, a matse iska, a ɗaure kowace leda dabam, kada kuma ta huje. Inda aka tara mutane aka rufe buhu a gabansu, aka dawo bayan watanni aka buɗe, sun karɓa. Gani ya kori ji. Inda ba wanda ya je ya nuna, guba ce ke ci gaba da aiki.

Haka yake a wajen feshi. Yau kusan kowane gida yana da injin feshi na goyo, matasa kuma su ne ke yin aikin, wani lokaci da gajeren wando ba takalmi. Maganin yana shiga ta fata, ba sai an sha ba. Abubuwan da malamin gona zai faɗa a zama ɗaya ba su da wuya. A sa riga mai dogon hannu da takalmin roba da safar hannu, a rufe hanci. A yi feshi da safe ko da yamma, iska tana bayan mutum. Idan bakin injin ya toshe, kada a hura da baki. Kada a ci ko a sha sai an yi wanka da sabulu. A duba launin da ke ƙasan takardar kwalbar, ja ya fi kowanne haɗari. A kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da girbi, musamman a tumatir da ganye. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku a zuba ruwan cikin injin, a huda ta, kada ta zama ta manja ko ta ruwan sha. Wanda ya fara zubar da yawu, gumi, amai da wahalar numfashi bayan feshi, a cire masa tufafin, a wanke jikinsa, a kai shi asibiti tare da kwalbar. Madara ko manja ba sa kashe wannan guba, ɓata lokaci ne kawai.

Ƙasar da za mu bar wa yara

Littafin Farawa ya nuna cewa an sa mutum cikin gona domin ya nome ta ya kuma kiyaye ta. Mun riƙe na farko, na biyun ne muke sakaci da shi. Ƙona gona kowace shekara yana cinye abin da zai ruɓe ya zama taki. Wanke injin feshi a rafi yana kashe kifi, ya kuma sa wa na ƙasa da mu guba a ruwan sha. Sare itatuwa domin gawayi yana buɗe wa zaizaya hanya.

A yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, daga 1983, wani ma'aikacin mishan ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya fara nuna wa manoma cewa kututturan da suke sarewa lokacin sassabe suna da rai. A bar reshe mai ƙarfi, a rage sauran, itace zai tashi ba tare da an dasa ba. Manoma suka koya wa juna, har aka kiyasta cewa itatuwa sun dawo a kan hekta kusan miliyan 5. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya ƙara wa ƙasa ƙarfi, yana cikin waɗanda suka fi amfana da shi. Abin da ya ɗauki wannan ilimi daga ƙauye zuwa ƙauye shi ne amincewar manomi da ɗan'uwansa.

Abin da ke hannunmu

A ƙauyuka da yawa, babu taron da ya kai na majami'a yawan manoma kowane mako. Majalisar dattawa za ta iya rubuta wa ofishin aikin gona na jiha ko sashen noma na jami'a mafi kusa, ta gayyaci masani sau biyu a shekara, kafin shuka da kafin girbi, ta biya masa kuɗin mota. A buɗe taron ga dukan ƙauye, har da maƙwabtanmu Musulmi da makiyaya, gama rafi ɗaya muke sha, cutar gona kuma ba ta tsayawa a iyaka. Zumuntar mata za ta iya sayen buhunan PICS a dunƙule ta rufe ɗaya a gaban jama'a. Gonar ikilisiya za ta iya zama gonar gwaji, sabon iri a gefe ɗaya, na gida a gefe ɗaya, kowa ya yi hukunci da kaka. Yaranmu da suka karanta aikin gona suke zaune ba aiki, a ba su minti goma lokacin sanarwa.

Akwai kuma batun sababbin iri da aka sarrafa ƙwayar halittarsu, kamar waken SAMPEA 20-T da aka fitar a 2019 domin ya jure wa tsutsar da ke huda kwanson wake. Mutane suna da ra'ayi dabam-dabam a kansu. Hakkin manomi ne masani ya tsaya a gabansa ya amsa tambayoyi, maimakon ya dogara ga saƙonnin WhatsApp.

A ƙarshe, idan masu neman ƙuri'a suka zo da alkawarin taki, mu tambaye su malaman gona nawa jihar ta ɗauka, nawa kuma aka saki daga kasafin kuɗinsu. Ikilisiya ba za ta iya ɗaukar aikin gwamnati duka ba, amma tana iya hana a manta da shi.

Ubangiji ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye masu shiga gona da masu fitowa. Amin.